Kukan Hilux ɗin Alhaji

Garejin Masta Garba ne a Magazin ta Suame, unguwar makanikai a Kumasi. Alhaji Tanko mai fataucin goro ya iso daga Aboabo da Hilux ɗinsa, fuska a murtuke.

Alhaji: Masta, motar nan hannu aka sa mata. Malam ya yi tofi an yayyafa, kukan bai daina ba.

Masta: Allah ya sawwaƙe. Wane irin kuka, Alhaji?

Alhaji: Kukan ma iri-iri ne?

Masta: Sosai. In gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, ka ɗan karkata sitiyari hagu ya tsananta, boris ɗin tayar dama ne, don kansa nauyi ya koma. In ƙas-ƙas-ƙas ne a kwana, shaf ɗin gaba ne: robarsa ta yage, giris ya fice, ƙasa ta shiga. In kuwa "kwam" ɗaya kake ji da ka taka totur ko ka saki, kuros ɗin farfela, wato mahaɗin sandar da ke kai juyi ga tayoyi, ya cinye.

Alhaji: Wanne ya fi araha?

Masta: Boris.

Alhaji: To, shi ne.

Masta: Ai ba goro ba ne da za ka zaɓa. Audu! Tokare tayoyi da dutse, sa giya a firi, ka shiga ƙasa ka murɗa farfela da hannu.

Audu: Masta, ko motsi. Ta ɗaure tamau, gaba da baya.

Masta: Har ta gaban? Buɗe kusar cika mai ta bakasul, gidan giyar tayoyin baya, ta sama, ba ta tsiyaya ba. Sa yatsa.

Audu: Mai yana daidai bakin rami, kuma bai yi fari ba.

Masta: Ruwa bai shiga ba ke nan.

Alhaji: Yatsa kawai ya sa fa, kada in gan shi a lissafi.

Masta: Alhaji, a ina take kukan?

Alhaji: In zan karya kwana a hankali. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su yi ta ƙugi, mota tana tsalle-tsalle. Jiya a ƙofar masallacin Juma'a har wani ya ce mini sannu.

Masta ya leƙa ciki, ya ga ƙaramar giyar nan ta gefe zaune a kan 4H, inda tayoyi huɗu duka ke ja.

Masta: Yaushe rabon da a taɓa wannan?

Alhaji: Tun damina, da muka kafe a taɓo hanyar Bawku. Direba ya so ya mayar, na hana. Taya huɗu na biya kuɗinsu, don me biyu za su yi aiki biyu suna hutawa?

Masta: Ga mai asirin nan a tsaye. A 4H farfelar gaba da ta baya a kulle suke, gudu ɗaya suke yi. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya nisan zagaye. In taɓo ne ko yashi, taya ta ɗan zame, shi ke nan. Kwalta ba ta bari, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har haƙoran giya ko kuros su gaji. A kwalta 2H ake tafiya, tayoyin baya kaɗai ke ja.

Audu: Masta, tayoyin baya 265/70 ne, na gaba 265/65.

Alhaji: Na hannu ne, na samu da sauƙi. Duk ba baki 17 ba ne?

Masta: Na bayan sun ɗara tsawo da inci guda. Ko a miƙe kake tafiya, gaba da baya rigima suke yi. Sai ka daidaita huɗun.

Masta ya ja giyar, ta ƙi fita. Ya tada mota, ya yi baya a miƙe kamar taku goma, ya sake ja, ta faɗa 2H. Ya zaga fili sau biyu, shiru.

Masta: Sidi ɗari biyu.

Alhaji: Na me? Baya kawai ka yi, da man motata kuma!

Masta: Audu, mayar masa da ita 4H.

Alhaji: Tsaya, yaro! Masta, hamsin, in haɗa maka da goro.

Masta: Fari ko ja?

Alhaji: Wanne ya fi araha?