Matasan Katsina, betin ba sana'a ba ce da za ku tsaya kuna kare ta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son yin maganar nan ina fasawa, saboda waɗanda za ta taɓa yawanci abokaina ne, wasu ma ƙannena ne da muke zama majalisa ɗaya. Amma jiya da daddare abin ya kai ni bango. Muna zaune bakin shagona nan wajen Ƙofar Ƙaura, an ɗauke wuta, yara sun cika benci suna jiran cajin waya, sai gardama ta ɓarke kan maganar hana cacar ƙwallo, wadda kuka sa ma suna betin don ta yi daɗin faɗi. Wallahi yadda na ga yara na tada jijiyar wuya sai ka ce gonar gado za a ƙwace masu. Wani har miƙewa ya yi yana cewa "ba su ba mu aiki ba, ɗan abin da muke samun na data kuma shi ne za su toshe, to su ci kansu".

Maganar ba yau ta fara ba. A watan Fabrairun 2024 wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Ribas, Kelechi Nwogu, ya kawo ƙuduri kan illar cacar wasanni, ai kau labari na fita cewa majalisa na son hana betin sai soshiyal midiya ta kama da wuta, matasa daga kudu har arewa kowa na zagi. A Oktoban shekarar Hisbar Kano ta bi shagunan betin tana garƙame su. Sai kuma a watan Nuwamba, duk a 2024 ɗin, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan ƙarar da jihar Legas da wasu jihohi suka shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi sai Abuja kaɗai. Ma'ana yanzu wuƙa da nama na hannun majalisun jihohi, har da tamu ta Katsina, jihar da ke bin shari'a tun shekarar 2000. To duk ranar da maganar ta taso nan gida, ina so mu san ɓangaren da za mu tsaya, kada a wayi gari a ga ƴaƴan musulmi ne kan gaba wajen kare caca.

Ni ban ce ƙorafinku ƙarya ne ba, a'a. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ji a jikinshi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, shi ma ga wanda ya samu aikin ke nan, ga masu digiri daga jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua suna tuƙa Keke Napep, ga ƴan uwanmu na Batsari da Jibiya da Safana da ƴan bindiga suka raba da gonakinsu sun dawo cikin gari ba sana'a ba jari. Kuma gaskiya ne ɗan majalisar da ke hawa motar miliyoyi ba shi ne ya san zafin rashin kuɗin kati ba. Duk na yarda. Ku tambaye su aiki, ku tambaye su tsaro, ku tambaye su ranar zaɓe, ina tare da ku. Amma don gwamnati ta gaza ba ka abinci ba shi zai sa ka rungumi wanda ke yankar maka aljihu ba.

Don betin ba samu ba ce, kuma wannan ba wa'azi nake maku ba tukun, lissafi ne zalla. A ce wasa ne da ko wane ɓangare zai iya ci daidai wa daida, kamar a wulla kwabo sama. Adalci shi ne in ka sa 100 ka ci a ba ka 200. Kamfani ba zai ba ka haka ba, sai ya ce 190. Wannan goman da ya zaftare ita ce ribarshi, kuma ko wa ya ci wasan shi ya riga ya ci nashi. To ku kuma ba wasa ɗaya kuke sawa ba, wasa goma kuke jerawa a tikiti ɗaya don naira 200 ta zama dubu ɗari, kuma duk wasan da ka ƙara wannan zaftarewar ninkuwa take. In an jera goma irin haka, cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba kusan 60 ce ke dawo masu, sauran ta tafi ke nan. Kai ko da kowane wasa cikin goman nan kana da tabbacin kashi 70 cikin ɗari za ka dace, damar duka goman su shigo ba ta kai 3 cikin ɗari ba. Ɗauki kalkuleta ka buga da kanka. Shi ya sa kullum labarin guda ne, "wasa ɗaya ne ya yanke mani", kullum wasa ɗaya, kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ne ƙugiyar da ke maido ka gobe. Balle wancan wasan cacar waya na jirgi da ke tashi ya fashe, da ƙwallon kwamfuta da ake bugawa duk bayan ƴan mintuna, su ko sanin ƙwallo ba ruwansu da shi, na'urar kamfani ce ke ba ka ita ke hana ka. Masu sayar maku da kod, wato lambar tikitin da aka riga aka jera wasanni, a Telegram kuma suna cewa wasan an saye shi, ku tambayi kanku mana, wanda ya san sakamakon wasa tabbas mi zai yi da dubu biyunka?

Akwai yaron da na riƙe a shago, ba zan faɗi sunanshi ba don yana nan cikin gari kuma yana ƙoƙarin gyarawa. Yaro mai kunya, mai sallah, ko canjin hamsin kwastoma ya manta sai ya bi shi da gudu. Na bar mashi na'urar POS saboda na yarda da shi fiye da kaina. Sai na fara lura in ana wasan dare ba ya iya cin abinci, zai aje kwanon shinkafa da wake har ya huce, ido na kan waya, babban yatsanshi na jan allo ƙasa yana sakewa, yana ja yana sakewa, har gumi yake cikin sanyin hunturu. Na ɗauka son ƙungiya ne. Ranar da na zauna yin lissafin wata sai na ga jari ya yi ƙasa sosai, na kira shi bayan isha'i muka zauna cikin shago na rufe ƙofa. Bai yi mani musu ba ko kaɗan, kuka ya fashe da shi. Ya ce Yaya wallahi ba sata na yi niyya ba, dubu biyu na fara ara in maida da safe, da ta tafi sai na ɗauki biyar don in ceto biyun. Haka ya yi ta bin kuɗin da suka riga suka mutu har ya haɗa da kuɗin adashin mahaifiyarshi da ta ba shi ajiya a akawun. Abin da ya fi ƙona mani rai, da na karɓi wayar na duba, ya taɓa cin kuɗi masu ɗan kauri sau ɗaya, kuma ko kwana biyu ba su yi ba ya maida masu abinsu duka. Mahaifiyar ta zo har shago da hijabinta tana ba ni haƙuri, dattijuwar da ta yi sa'ar mahaifiyata, ita da aka cinye ma adashi ita ke roƙo kada in kai ɗanta wajen ƴan sanda. Har yau in na tuna sai in ji wani iri.

Wannan ne kuke ce ma hanyar samun na data?

Ta fuskar addini kuma babu wani lungu da za a laɓe. Allah Ya haɗa caca da giya da gumaka a aya ɗaya cikin suratul Ma'ida, aya ta 90, Ya ce ƙazanta ce daga aikin shaiɗan ku nisance ta, aya ta 91 kuma ta faɗi abin da take haifarwa, gaba da ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da sallah. A suratul Baƙara aya ta 219 ma an ce akwai ɗan amfani ga mutane a ciki amma zunubin ya fi amfanin girma, to ka ga hujjar "ai wane ya ci ya sayi mashin" tuni an amsa ta. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ce ma abokinshi zo mu yi caca to ya yi sadaka, hadisin na cikin Bukhari. Gayyata kawai fa, ba a kai ga yi ba. To ina ga mai tura kod a guruf ɗin WhatsApp na ƴan ajinsu? Da can ɗan caca ɓuya yake a kango da kartarshi, ba a ba shi aure ba a ba shi ajiya. Yanzu don an sa mata rigar ƙwallo sai ga ta har sahun gaba a masallaci cikin aljihu, ana sallame sallah a zaro waya a duba ko Arsenal ta farke.

Kuma kada ku ce ƙauyanci ne irin namu na arewa. Indiya a watan Agustan 2025 ta yi dokar hana wasannin kuɗi na intanet. A Ingila inda ake buga Firimiyar da kuke caca a kanta, ƙungiyoyin da kansu suka amince tun 2023 za su cire tallan kamfanonin caca daga gaban riga. Cikin ƴan ƙwallon Firimiyar ma, Ivan Toney dakatarwar wata 8 ya sha a kan betin, Sandro Tonali wata 10, shi Tonali ma fitowa aka yi aka ce abin ya zame mashi ciwo sai da aka haɗa da magani. Mutumin da ke ɗaukar albashin da ni da kai ba mu taɓa gani ba bai tsira ba, sai kai mai jarin gyaran waya.

Ni ina goyon bayan a yi dokar, kuma ina roƙon ƴan majalisarmu in za su yi su yi da gaske, su haɗa da masu talla, don manyan masu jan yaranmu ciki su ne masu barkwanci da ƴan TikTok da ake biya su raba kod. Sai dai na san iyakar doka. Hisba za ta iya sa kwaɗo a ƙofar shago, amma wayar da ke ƙarƙashin filonka ƙarfe biyun dare ba mai shiga nan sai kai da Allah. Don haka in kana ciki, goge manhajar yau ba sai an gama kakar wasa ba, ka fita daga guruf ɗin, ka daina lissafin abin da suka ci maka don ba ya dawowa, bin shi ne ma ke ƙarasa mutum. Ka samu mutum ɗaya da kake jin nauyi, yayanka ko limamin unguwarku, ka gaya mashi gaskiya, in da hali ya riƙe maka katin banki na ɗan lokaci. Mu kuma manya in yaro ya zo ya faɗa mana kada mu tona shi a majalisa, tonon asirin ne ke sa su ci gaba da ɓoyewa har sai ta fashe.

Yaron nan ban kore shi ba. Na karɓe POS ɗin na maida shi kan caji da sayar da kati, ya koma riƙe ƙaramar waya mai madannai da kanshi ba ni na sa shi ba, duk ƙarshen wata muna cire wani abu daga haƙƙinshi, kuma mun yi da shi adashin mahaifiyarshi za a fara biya kafin nawa. Jiya da ake gardamar nan yana zaune gefe yana jera caja, bai ce uffan ba har aka watse.