Wace ƙofa kuma kuke jira a buɗe?

Kun dai ga bidiyon nan, ba sai na sake ɗora shi ba. Shugaban addu'a guda a coci, wanda ya kwana da makirfo a hannu yana kuka, "Ya Ubangiji, ka buɗe mana ƙofar bishara a garin nan," gari na wayewa ga shi a bakin titin Sabon Tasha a nan Kaduna ya shaƙe wuyan rigar mai Keke a kan canjin naira 100, yana ce masa "aboki" da irin muryar nan da duk mun san ba ta abota ba ce. Sannu da aikin Ubangiji, Baba! Ƙofar da ka kwana kana roƙo ce ta zo har gabanka da ƙafa uku, ka rufe ta da mari.

Ni fa na gaji da wannan addu'a. Ba don ba ta da kyau ba, don mun mai da ita wurin ɓuya. Ƙofa a buɗe take. Mai garuwan da ke kawo miki ruwa kullum, kin san sunansa? Mai shayin bakin layinku, da matarsa ta haihu ka je barka? Mai gadin shagonku da ke azumi cikin zafin nan, ka taɓa ce masa sannu da ibada? Ba ka san sunan mutum ba, kana so ka gaya masa sunan Yesu.

Na san za a cika min kwament da "ai ba ka san abin da muka gani ba." Na sani. A garin nan aka haife ni. Na san rikicin 2000, na san na 2002, na san yadda mu Kiristoci muka kwashe kaya muka tsallako kogi, muka tare a Television da Narayi da Romi, Musulmi kuma suka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Ban raina hawayen kowa ba, kuma ban ce ka ɗauki lasifika ka tafi Rigasa da asuba ba, wannan neman fitina ne. Amma fiye da shekara 20 ke nan, 'yan'uwa. Fasto James Wuye hannu ya rasa a rikicin 1992, duk da haka ya zauna da Imam Muhammad Ashafa, mutumin da ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin, suka yi aiki tare har duniya ta san su. Kai kuma da ba ka rasa ko farce ba, gaisuwa ta gagare ka.

Ku koma Littafi Mai Tsarki, Kolosiyawa sura ta 4 da muke yawan jawowa. I, Bulus ya ce a yi masa addu'a Allah ya buɗe ƙofa. Amma a ina yake lokacin? A kurkuku, da sarƙa. Shi ƙofarsa a kulle take da gaske. Kuma bai tsaya nan ba, nan take ya ce mu yi zaman hikima da waɗanda ba masu bi ba, maganarmu ta zama da alheri, da ɗanɗanon gishiri. Aya ta 3 mun haddace ta, ta 5 da ta 6 kamar an yage su daga namu littafin. Bitrus ma ya ce ka zauna da shirin ba da amsa ga wanda ya tambaye ka dalilin begenka, da tawali'u da ladabi. Wanda ya tambaye ka. To wa zai tambayi mutumin da ke zaginsa?

Wata za ta ce ai Ruhu ne ke jawo mutane, ba halinmu ba. To madalla, sai ki bar Ruhu ya riƙa biya wa 'yar aikinki albashin da kika riƙe wata biyu.

Maganar gaskiya, abin na damuna ne don ina son wannan bangaskiya. Likita Miller, ɗan mishan da ya zauna a Zariya, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, shekaru ya yi yana koyon harshen mutane, yana duba marasa lafiyarsu, kafin Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Kakanninmu da suka karɓi bishara, wani ne ya zauna a tabarmarsu, ya sha ruwansu, ya je zaman makokinsu. Zumunci a ƙafa yake. Ku ci gaba da addu'a, ni ma ina yi, amma ku ƙara da roƙon Allah ya ba mu kunya da baki mai daɗi.

Af, tun da na ambaci Hausa. Wane ne ya yanke shawarar mai da sujadar Hausa ƙarfe 6 na safe, ta Turanci ta samu ƙarfe 9? Tsofaffin Zumuntar Mata masu ciwon gwiwa su ne za su fito cikin sanyin hunturu, samari masu ƙarfi na barci? Yaranmu ma yanzu waƙar Hausa sai dai su riƙa motsa baki. Sakataren ikilisiya, na san kana karanta wannan, a sa maganar a taron dattawa mai zuwa don Allah.