An zauna da masu ciwon daji, to me zaman ya canja?

Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu ciwon daji a nan Ingila, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yau sai na amayar da shi.

A ƙasar nan, duk mai neman kuɗin bincike daga NIHR, hukumar binciken lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2006, sai an tambaye shi yadda zai sa marasa lafiya da jama'ar gari cikin aikin. Tun 1996 aka faro wannan tafiya, da ƙungiyar da daga baya aka sani da INVOLVE. Manufar ita ce a yi binciken tare da mutane, su sa baki tun daga zaɓen tambayar da za a bincika har zuwa gyaran takardun da za a ba majinyata. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Inda nake da ja shi ne yadda muke auna ko an yi da gaske.

Wata rana mun zauna da majinyata duba takardar tambayoyi kan kasalar da ke biyo bayan kemo, wato maganin daji da ake sa wa ta ƙarin ruwa. Akwai wata baiwar Allah mai ciwon nono, ta ɗaure kai da ɗankwali saboda gashi ya zube. Ta juya shafukan, ta ajiye, ta ɗago hannuwanta ta ce: "Ranar da aka sa mini ruwan nan, yatsuna mutuwa suke yi, biro ma gagarata yake. Kuma kasalar sai bayan kwana biyu ko uku take kwantar da ni, ina gida." Ɗakin ya yi tsit. Mu da ke sa ruwan kullum, tunaninmu bai kai nan ba. Aka sauya tsarin, aka koma kiran waya bayan kwanaki.

Wani aikin kuma, sai da aka gama tsara komai, aka sa hannu, sannan aka gayyato majinyata. Aka ba su shayi da biskit, aka karanta musu, suka watse. Da rahotanni suka fito, layi ɗaya aka rubuta a duka biyun: an tuntuɓi marasa lafiya, an zauna sau kaza. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Ƙirga zama ba awo ba ne. Tambayar ita ce: me mai ciwon ya faɗa, me aka canja saboda maganarsa, me aka ƙi canjawa, kuma don me? A 2017 an fitar da ƙa'idar rubuta irin wannan rahoto mai suna GRIPP2, wadda ke neman a bayyana amfanin da shigarsu ta yi har da inda abin ya ci tura. Ci gaba ne. Amma galibi mai binciken ne ke cike ta, ɗalibi ne ke duba jarrabawar kansa. A tambayi matar nan mana, ita ta san ko an saurare ta.

Wasu abokan aikina na cewa sa majinyata cikin bincike haƙƙi ne, ba sai an nemi hujjar amfaninsa ba. Na yarda haƙƙi ne. To in ba a auna ba, ta ina za a bambance wanda aka bai wa haƙƙinsa da wanda aka yi ado da shi?

Kuma hujjar tana nan. A 2007, Farfesa Jessica Corner, wadda ita ma nas ce, da tawagarta suka wallafa binciken da ƙungiyar Macmillan mai tallafa wa masu ciwon daji ta ɗauki nauyi, inda masu ciwon da kansu suka shiga cikin masu tattara bayanai. Abin da majinyatan suka sa a gaba shi ne yadda cutar ke shafar rayuwarsu ta yau da kullum da yadda za su rayu da ita. Wannan kuwa filin ma'aikatan jinya ne.

Sai batun su wa ke zama a teburin. Yawancin waɗanda nake gani masu ritaya ne, masu ilimi, Turanci a bakinsu. Ina matanmu da ke ɓoye ciwon har ga surukai, waɗanda sai sun shawarci miji ko yayansu kafin su ce uffan? Ina mai aikin dare da ba zai bar lada ya zo taro ba sai an biya masa lokacinsa da kuɗin mota? Bakano ya ji kalmar gwaji, zuciyarsa na komawa 1996, ga yaran Kano da aka yi gwajin maganin Trovan a kansu lokacin annobar sanƙarau. Irin wannan mutumin, takardar gayyata kaɗai ba ta kawo shi. Rahoton da bai faɗi waɗanda ba su zo ba, da saura.

Bayan watanni matar nan ta dawo ganin likita, gashi ya fara tsirowa. Ta tare ni a baranda ta ce: "Sista, an yi amfani da maganata kuwa?" Na ce mata an yi, yanzu waya muke kira. Ta ce in tabbatar ba da sassafe ake kiran ba, lokacin tashin zuciya ya fi tsanani. Na koma ofis na rubuta.