Ranar da alƙalin Masar ya soke min ƙwai 23

A majalisarmu ta bakin titi a Tudun Wada ba mai kirana da sunan yanka. Bilata ake ce min, wato Sepp Blatter, mutumin Siwizalan ɗin nan da ya riƙe FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, daga 1998 zuwa 2015. Tun ina ɓata rai har na haƙura, yanzu ko 'yar autata in tana son kuɗin alewa Baba Bilata take cewa.

Sunan ya samo asali ne tun 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Filin Ahmadu Bello na Kaduna yana cikin filayen da aka zaɓa, ni kuma na ce ba za a kawo duniya har ƙofar gidanmu in zauna ina leƙenta a talabijin ba. Na hau mota a Kwangila, ban zame ko'ina ba sai Kawo. Koriya ta Kudu da Yurugai na kalla, aka tashi 3-1, kuma cikin yaran da suka ci har da Son Heung-min, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Tottenham. Na sha faɗa a majalisa cewa tun a ranar na nuna shi da yatsa na ce yaron nan zai yi nisa. Yau dai bari in sauke nauyi: lokacin da ya ci, ina duƙe muna rigimar canjin naira hamsin da mai gyaɗa. Ihu kawai na ji. A fili kuwa ba mai maimaita maka. Na tambayi na kusa da ni wa ya ci, ya ce, "Wani ɗan Caina ne."

Duk da haka na dawo Zariya da girma. Ni ne wanda ya taka filin FIFA da ƙafarsa, saboda haka ni ke yanke hukunci. Ni na yi wa majalisa bayanin hoton ƙashin wuyan hannu da FIFA ta kawo a wannan gasar don kama 'yan shekara 17 masu mata da 'ya'ya. Ni na sanar da su cewa ba FIFA kaɗai ke rubuta dokokin ƙwallo 17 ba, akwai wata majalisa ana ce mata IFAB, tun 1886 take, FIFA na da ƙuri'a huɗu a ciki, Ingila da Sikotlan da Wales da Ayalan ta Arewa kowacce ɗaya, kuma sai an samu shida doka ke canzawa. Da aka kawo VAR, wato tsarin sake duba wasa ta bidiyo, a kofin duniya na Rasha a 2018, sai da na yi sati ina karantar da su abubuwa huɗun da take dubawa: ƙwallo a raga, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuskuren ba wa wani katin wani. Ku riƙe wannan a ranku.

Ranar Laraba, 7 ga Fabrairu 2024, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, mu da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké na Kwaddibuwa. Ƙarfe shida aka take. Gidan kallonmu rumfar kwano ce mai benci goma sha, amma ranar har kan tagogi mutane ne, ga hunturu a waje, ga zufa a ciki, ga janareto yana tari kamar tsohon da ya sha taba. Da aka tafi hutun rabin lokaci muka yi magariba a gurguje, Allah dai Ya karɓa. Minti na 67 Troost-Ekong ya ci fenariti, ɗaya da nema. A nan ne bakina ya riga hankalina. Na miƙe a kan benci na ce, "Jama'a ku shaida, in muka ƙara ta biyu, shayi da burodi da ƙwan kowa a wuyana!" Kuɗin cefanen sati ne fa a aljihuna, uwargida ta ba ni lissafinsu tun safe.

Minti na 85 Osimhen ya tura ta cikin raga.

Ban san ta inda na fita ba. Hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, sai ga ni a teburin mai shayi ina haki.

"Fasa! Fasa ƙwai!"

"Nawa, Alhaji Bilata?"

"Duk abin da ke kiret ɗin nan! Ka zuba albasa, kada ka yi rowar mai!"

Mutumin nan, da kullum sai ya yi minti goma kafin ya yanka burodi ɗaya, ranar hannunsa kamar inji. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. 'Yan acaba suka fara tsayawa, almajirai suka kewaye mu da robobinsu, ni kuma na kira surukina a Samaru ina yi masa barka, na kira uwargida na ce ta shirya, mun kai wasan ƙarshe. Ina cikin waya ne na lura da wani abu: ina jin ƙarar janareton gidan kallo tar. Mutum sama da ɗari a rumfa, an ci ƙwallo, kuma kana jin janareto? Sai ga ƙanina ya fito, takalmina a hannunsa, yana tafiya irin ta mai kai saƙon rasuwa.

"Yaya, an soke."

"Innalillahi! An soke wa? Da wuƙa?"

"Ƙwallon aka soke, Yaya. Kuma an ba su fenariti."

Na ce ƙarya ne, ta ina za a ci a wannan raga a buga fenariti a waccan? Ina faɗa, karatuna na 2018 yana dawo min. Ai ni na koya musu cewa VAR tana bin harin da ya haifi ƙwallo har tushensa. Tushen kuwa cikin gidanmu yake: kafin mu kwaso ta, ƙafar Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ta taɓa Percy Tau. Alƙalin wasa, Amin Omar na Masar, ya je ya leƙa akwatin talabijin ɗin VAR, ya zana murabba'in nan na alamar VAR a iska. Ina shiga rumfar Teboho Mokoena yana zura ta. Minti na 90, kunnen doki.

Nan fa gida ya kacame. Wani ya ce ai dama shugaban hukumar ƙwallon Afirka CAF, Patrice Motsepe, ɗan Afirka ta Kudu ne, me ake tsammani? Aka juyo kaina: "Bilata, yanke hukunci!" Na kalli maimaicin sau uku ina neman mafita, babu. Na ce, "Jama'a, tsakani da Allah fenariti ne." Da ba don ƙanina ya tare ba, da hular tawa ma da aka tsinto ba ta sami kan da za ta zauna ba.

Sai ga mai shayi a bakin ƙofa da cokali a hannu. Na ja shi gefe na yi ƙasa da murya, na ce tunda an soke ƙwallo, ai alƙawari ma ya soku. Ya ce, "Alhaji, ni a teburina ba VAR. Ƙwan da ya shiga kasko ya shiga. Guda 23 ne, ga ɓawon can ka ƙirga." Muka kai ƙara gaban wani dattijo mai sayar da goro, wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarsa. Kotun wasanni ta Lausanne ba za ta fi shi sauri ba. Ya ce, "Ɗana, alƙawarinka da jama'a ya faɗi, tunda sharaɗi bai cika ba. Amma 'fasa' da ka ce wa bawan Allah nan ba ka sa masa sharaɗi ba. Biya."

Ƙwai kuma ba ya jiran ɗaukaka ƙara. Haka aka yi ta shigo da shi a faranti ana cikin ƙarin lokaci, waɗanda suka gama zagina su suka fi kowa loma. Aka je bugun fenariti, Stanley Nwabali, wanda a lokacin a can Afirka ta Kudun yake tsaron raga a Chippa United, ya ture biyu, Iheanacho ya buga ta ƙarshe, 4-2. Ana cikin murna wani yaro ya ja min riga, bakinsa duk mai: "Baba Bilata, yanzu ai huɗu muka ƙara, a sake fasawa?"

Da na isa gida, labari ya riga ni. Uwargida ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Ina cefanen?" Na fara bayanin IFAB. Ta ajiye ludayi, ta zana murabba'i a iska da yatsu biyu, ta nuna min aljihuna.

Ranar Lahadi, 11 ga wata, wasan ƙarshe da masu masauki a Abidjan. Ekong ya sa kai ya ci tun kafin hutu, rumfa ta tashi, ni ko motsi ban yi ba, hannuwana a hammata. Mai shayi ya leƙo ta taga, ƙwai ɗaya a hannunsa, ya ɗaga gira. Na girgiza kai. Kessié ya farke, Haller ya ƙara, aka tashi 2-1.

Saura kuɗin ƙwai tara ban gama biya ba. Na leƙa littafin bashinsa shekaranjiya, a gaban lissafina FIFA ya rubuta.