Ɗalibai, ku san inda ake yanke hukuncin jami'a kafin ku fito titi

Ƙannena da ke karatu a jami'o'in Aliero da Kalgo da Zuru a jihar Kebbi, da waɗanda ke jiran a ɗauke su bana, ga wata nasiha.

Duk ranar da aka manna sanarwar ƙarin kuɗin rajista ko na ɗakin kwana, abin da muka saba gani ɗaya ne. Kafin la'asar an cika Facebook da zagin shugaban jami'a, kafin gari ya waye an tare ƙofa an kunna taya. Sai a rufe makaranta, kowa ya ɗauki jakarsa zuwa tasha. In an dawo, ƙarin yana nan daram, sau da yawa har da kuɗin gyaran ɓarna a kansa. Iyayen da suka sayar da buhunan shinkafa ko albasa don ku yi rajista su ne za su sake biya.

Fushin yana da dalili, ban ce babu ba. Amma kuna jifa ne ba tare da kun san wanda ya sa hannu ba. Shugaban jami'a ba shi kaɗai yake yanke maganar kuɗi ba. Akwai majalisar gudanarwa, wadda malamai ke kira kansul. Ita ke da iko da kuɗi da kadarorin jami'a, ita ke amincewa da kasafi da manyan kwangiloli, kuma a jami'o'in tarayya, tun gyaran dokar da aka yi a 2003, ita ke naɗa shugaban jami'a na wa'adi ɗaya, shekara 5. Sakamakon jarrabawa da kalandar karatu da tsarin kwasa-kwasai kuwa na majalisar malamai ne, wato sanet. Ɗalibin da ya kai kukan makinsa kansul, ko kukan kuɗi sanet, ya yi asarar takarda.

Ku dubi waɗanda ke zama a majalisar gudanarwa ta jami'ar tarayya. Akwai waɗanda gwamnati ta naɗo daga waje, cikinsu har da shugaban majalisar, da wakilin ma'aikatar ilimi, da shugaban jami'a da mataimakansa. Sanet na da kujera 4, taron ma'aikata masu digiri na da 2, taron waɗanda suka kammala karatu na da 1. Ɗalibi ba shi da kujera. Amma malamin da ke koya muku da safe yana iya zama ɗaya daga cikin mutum 4 ɗin nan, kuma yayanku da ya gama ya karɓi digiri yana da ta cewa a kan wannan kujera guda. Cikinku mutum nawa suka san sunayensu? Magatakardar jami'a shi ne sakataren majalisar, ta ofishinsa takarda ke shiga. Jami'ar jiha kamar ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, dokar jiha ce ke tafiyar da ita, gwamna ke naɗa shugaban majalisarta, don haka sai ku nemi waccan dokar ku karanta.

Aikin shugabannin ƙungiyar ɗalibai a nan yake, ba yawon ɗaukar hoto da 'yan siyasa ba. Maganar ƙarin kuɗi ba ta faɗowa daga sama, sai ta bi kwamitin kuɗi tukuna. A lokacin ne za ku rubuta takarda da hujja: ɗalibai nawa suka kasa rajista bara, nawa ake biya a jami'o'in maƙwabta, ko za a yarda a biya kashi biyu, ko za a jira waɗanda suka nemi bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024. Ku sa hannu, ku kai, a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe kwafi. Tun ran gini ran zane.

Wani abin da ya fi damuna shi ne lokacin zaɓen shugaban jami'a. Sai ka ga an tara samari an ba su kwalaye, wai sai ɗan masarauta kaza ko ba a zauna lafiya ba. Wanda ya biya kuɗin kwalin ba zai tuna da ku ba ranar da aka rufe makaranta. Rikicin manya a majalisa kan cinye shekara, su kuma albashinsu na tafiya. A Jami'ar Legas, majalisa ta tsige shugaban jami'a a Agustan 2020, gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike, aka mayar da shi a Nuwamba. A Yunin 2023 aka rushe majalisun jami'o'in tarayya gaba ɗaya, aka shafe kusan shekara babu su, abubuwan da ke buƙatar amincewarsu suka yi ta jira. Ku da kuka sha yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na wata 8 a 2022 ba sai an gaya muku zafin zaman gida ba.

In an kira ku zanga-zanga, ku fara tambayar mai kiran: wace majalisa ce ta yanke, yaushe ta zauna, ina kwafin takardar da muka shigar kafin ta zauna? In ya fara kame-kame, ku koma aji.