Yadda yisti ya ci amanata

Masu sayar da ruwan malt na gwangwani suna cewa da shi kowa zai iya dafa giya a gida, domin an riga an ɗauke wa mutum wahala: an jiƙa sha'ir ya tsira, an busar da shi, an tatso zaƙinsa, an ƙafe ruwan har ya yi kauri kamar zuma. Saura kawai ruwa da furen hops mai kawo ɗaci da kuma yisti. Ba su faɗa mini ba cewa a cikin ukun nan akwai mai rai, wanda ba ya bin umarnin kowa.

Tafasa ruwan malt da hops a tukunya aikin awa guda ne, kuma juya bayan da na yi don ɗauko cokali ya ishi kumfa ta taso ta malale ƙasa, inda ta riƙe mini takalmi ɗaya. Duk da haka na sanyaya lita 23 zuwa digiri 20, na barbaɗa yisti, na rufe bokiti, na kafa 'yar robar nan mai ruwa wadda iska ke fita ta cikinta. Yisti ya shiga cin zaƙi yana fitar da barasa da iskar kabon dayoksaid, roba tana ta ɓul-ɓul dare da rana, ni kuwa ina zagaye ta ina jin kaina gwani.

Ƙa'ida ita ce kada a ɗura a kwalba sai ma'aunin kaurin ruwa ya sauko daga wajen 1.045 zuwa kusan 1.010, ya kuma tsaya cak kwana biyu ko uku. Nawa ma'aunin na gilashi ne, ya gangaro daga tebur tun kafin ya fara aiki. Saboda haka da roba ta yi shiru na ɗauka an gama, ashe sanyi ne ya sa yisti gyangyaɗi. Ana sa sukari kamar giram 6 a kowace lita domin giya ta yi kumfa a kwalba, amma da yake ni ba marowaci ba ne, na ƙara masa. Sannan na jera kwalabe a kabad ɗin tufafi, tunda haske yana ɓata ƙamshin giya.

Cikin tsakar wani dare mai zafi yisti ya farka. Ƙarar fashewar kwalbar farko ta sa uwargida ta zabura tana cewa, "Maigida, ɓarayi!" Ta biyu ce ta buɗe ƙofar kabad da kanta, sai ga kumfa tana sauka daga rigar da take ajiya don biki. Dokar giya ta 1516 ta yankin Bavariya a Jamus ta ambaci ruwa da sha'ir da hops, ba ta ambaci yisti ba. Masana sun ce lokacin ba a fahimci aikinsa ba, ni kuwa ina zargin masu dokar fushi suke yi da shi.

Sauran kwalaben na kwashe su da safar hannu da tabarau, na lulluɓe da bargo, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a bayan gida. Kowace ta harba sama, ta bar mini abin da bai kai rabin kofi ba. Uwargida ta karɓe tukunyar, ta kuma rubuta mini kuɗin rigar a takarda, har da na ɗinki.