Hayar da ake biya don kada kowa ya shiga

Har yau ina ganin babu wayon da Japan ta yi a kan tsibiran da take kira Senkaku, China kuma ke kira Diaoyu, kamar shekaru goman nan da ta yi tana biyan hayarsu ba ta taɓa komai a ciki ba.

Wurin fa duwatsu ne da ciyayi a tsakiyar teku, ba mutum ko ɗaya, sai awaki da suka hayayyafa a babban tsibirin, Uotsuri. A 1896 gwamnatin Japan ta ba wani ɗan kasuwa, Koga Tatsushiro, su haya, yana sarrafa kifi yana tara gashin tsuntsaye. Sana'ar ta mutu wajen 1940. Ba wanda ya damu da su sai da aka fara maganar akwai mai a ƙarƙashin tekun a ƙarshen shekarun 1960, sannan China da Taiwan suka ɗaga murya. Da jagoran China Deng Xiaoping ya je Tokyo a 1978, cewa ya yi a bar wa na baya, wataƙila su fi su hikima. Wato a bar kaza cikin gashinta.

Daga 2002 gwamnatin Japan ta karɓi uku daga cikinsu haya daga wani iyali da suka mallake su daga baya, ta hana kowa sauka. Kamar gonar gado ce da ake rigima a kanta, babban wa ya karɓe ta aro, bai shuka ba, bai kafa shinge ba, kowa na iya ci gaba da cewa tasa ce ba tare da an kai ga sara ba. Wasu za su kira wannan ragwanci, ni kam ban gan shi haka ba.

Sai ga Ishihara Shintaro, gwamnan Tokyo na lokacin, mutumin da bakinsa ba linzami idan ana maganar China. A Afrilun 2012 ya ce zai saye su, har jama'a suka yi ta tura gudunmawa. Firaministan Japan na lokacin, Noda, ya ji tsoron abin da Ishihara zai gina a can, sai ya riga shi, gwamnati ta saye su kan yen biliyan 2.05. Niyyar ba laifi, na yarda. Lokacin ne ya ba ni haushi. Ranar 9 ga Satumba shugaban China na lokacin, Hu Jintao, ya gaya wa Noda ido da ido a birnin Vladivostok na Rasha cewa China ba ta yarda ba, ranar 11 aka sa hannu. Kwana biyu kacal! Wane shugaba ne zai haɗiye wannan a gaban mutanensa?

Garin neman gira aka rasa ido. Aka farfasa motoci da shagunan Japanawa a biranen China, kuma tun daga nan jiragen tsaron gaɓar tekun China suka mai da kewayen tsibiran wurin zuwa kusan kullum, abin da ba a saba gani ba zamanin haya. Takardar sayen tana Tokyo, amma har yanzu ba a barin ko ɗan Japan ya sauka a Uotsuri.